TAKARDAR LIKITA BA TAKARDAR SALLAMA BA CE

Ran Talatar makon jiya wata baiwar Allah ta zo ofishinmu daga wani ƙauye na ƙasar Shagari, ita da wan mijinta. Cikinta ya shiga wata na shida. Bayan an gaisa ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wata 'yar takarda wadda ta sha ninki, ta ce, "Malam, don Allah duba muna takardag ga, mu ji ko gaskiya ne ita ta raba ni da aiki." Muka warware muka duba. Hannun likita ne, da Turanci, layi uku rak. Ya ce jininta ya hau, sabo da haka kada ta ɗauki kaya mai nauyi, kada ta daɗe a tsaye, ta kuma komo awo bayan mako biyu.

Ita dai wannan mata shekararta guda da wata huɗu tana aiki a wani gidan ruwan leda na wannan yanki namu. Ba za mu faɗi sunan gidan ba, domin ba shi kaɗai ke da wannan hali ba, kuma ba tozarta mutum ɗaya mu ke nufi ba. Aikinta ta zuba ledojin ruwa cikin jaka, ta ɗaure, ta ɗauka ta jera. Kowa ya san jakar ruwa leda 20 ce, kowace leda rabin lita, watau kilo 10 ke nan a ɗauka guda, kuma ba sau goma a ke ɗauka a wuni ba, ba sau hamsin ba. Da ta kai wa manaja takardar, ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ce, "To, tun da likita ya ce ba ki iya aiki, sai ki tafi gida ki huta. In kin sauka lafiya, in da gurbi, ma gani." Kashegari aka sa wata yarinya a wurinta.

To jama'a, a nan ne mu ke so a tsaya a yi tunani. Likita bai ce ba ta iya aiki ba. Abin da ya yi, ya nuna irin aikin da za ta bari na 'yan watanni. A wannan gida akwai mai zama bisa benci yana ƙirga jakunkunan da a ke lodawa a mota, akwai mai rubuta su a littafi, akwai mai tsince ledar da ta fashe. Da an so, da ta yi musayar aiki da ɗayansu, mai gida bai yi hasarar ko kwabo ba. Amma sai aka mai da takardar likita takardar sallama. Abin da ya fi tayar mana da hankali kuwa shi ne maganar da wan mijinta ya yi sa'ad da za su tashi. Ya ce, "Da mun sani, da ba ta nuna ba." Duk matan da ke aiki a gidan sun ga abin da ya auku, kuma sun ɗauki karatu: wadda likita ya ba takarda ta tura ta ƙarƙashin katifa, ta ci gaba da ɗaukar kilo 10 har ranar da za ta yanke jiki ta faɗi.

Hawan jini ga mai ciki ba ciwon kai ba ne da za a sha fanadol a wuce. Malaman asibiti sun ce idan awo ya kai 140 bisa 90 bayan ciki ya wuce mako 20, to lalle a sa wa matar ido, domin daga nan ne a ke zarcewa zuwa jijjiga, jijjiga kuwa takan tafi da uwa ko ɗa, wani lokaci duka biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk waɗanda suka mutu haka a duniya baki ɗaya. Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba sai an karanta mana lissafi ba, unguwa nawa ce ba a yi zaman makokin mai jego ba? Ga kuma zafin bazara wanda kan wuce awo 40 a ma'aunin zafi, ga rufin kwano, ga tsayuwa tun safe har la'asar.

Bari mu gaya muku abin da doka ta ce, domin da yawa cikinmu, har da masu gidajen aikin, ba su taɓa jin ta ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda ke babi na L1 cikin kundin dokokin Tarayya na 2004, ta yi maganar mai ciki a sashe na 54. Ta ce idan mace ta kawo takardar likita mai rajista wadda ta nuna saura mako shida ta haihu, tana da ikon ajiye aiki. Bayan ta haihu kuma ba a yarda a sa ta aiki ba har mako shida, ko da ita ce ta roƙa. Mako shida kwana 42 ke nan, ya zo kusan daidai da arba'in ɗin da iyayenmu mata ke kiyayewa tun Bature bai zo ba, don haka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan ta yi wata shida ko fiye tana aiki a wurin ba yankewa, wajibi ne a biya ta aƙalla rabin albashinta a cikin waɗannan makonni 12. Idan ta komo tana shayarwa, tana da rabin sa'a sau biyu a wuni don ta ba ɗanta nono. Sa'an nan babu ubangidan da ke da ikon ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu, haka kuma idan ta zarce shi sabo da rashin lafiyar da likita ya shaida ciki ko haihuwa ce ta jawo.

Wannan sashe ya hau kan masana'anta da kanti da gona, na Gwamnati ko na ɗan kasuwa. Masu cewa su ƙananan 'yan kasuwa ne doka ba ta san da su ba, sun rikita dokoki biyu ne. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi Naira 70,000 a 2024, ita ce ta ɗauke wa mai ma'aikata ƙasa da 25. Sashe na 54 bai ƙirga ma'aikata ba.

Duk wannan da kyau, mun gode. Amma ku sake duba shi da idon matar da ta zo ofishinmu. Cikinta wata shida ne, saura mata wata uku, ba mako shida ba, don haka ƙofar hutun ba ta buɗe mata ba tukuna. Ba ta kwanta ciwo ba, da ƙafarta ta zo, tana kuma son aikinta. Doka ta san mace iri biyu kaɗai: lafiyayya wadda za ta yi dukan aiki, da wadda ta tafi gida. Wadda ke tsakani, mai iya aikin zaune ba ta iya na ɗauka, doka ba ta ce uffan a kanta ba. Babu layi ko ɗaya da ya tilasta wa ubangida ya sauƙaƙa mata, ko ya canja mata wuri, ko ya ba ta kujera. Abin da kawai za ta iya kamawa shi ne sashe na 16, wanda ya ba kowane ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara da biya idan likita ya shaida ba shi da lafiya. Kwana 12 ina zai kai mai sauran wata uku? Banda wannan, sashe na 54 ɗin nan da kansa ya wanke ubangida, ya ce ba a kansa kuɗin maganin ciki ko na haihuwa ya ke ba.

In kuna son sanin dalilin wannan rami, ku tambayi shekarun rigar. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko, aka yi taron farko na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a birnin Washinton na Amurka, aka tsara yarjejeniya a kan mata masu ciki: mako shida kafin haihuwa, mako shida bayanta, rabin sa'a sau biyu don shayarwa, ba kora cikin hutu. Wanda ya ajiye ta kusa da sashe na 54 zai ga tela ɗaya ne ya yanka su. Watau rigar da aka ɗinka fiye da shekara ɗari ita matanmu ke sanye da ita yau. Kuma ko ita ɗin ba a kawo mana duka ba, an datse mata hannu a hanya. Ta 1919 ta ce kuɗin da za a ba mai jego ya fito daga baitulmali ko daga asusun inshora, a kuma ba ta likita ko ungozoma kyauta. Tamu ta ɗora kuɗin a kan ubangida shi kaɗai, ta yanke shi rabi, ta jefar da maganar ungozoma.

Duniya kuwa ba ta tsaya a 1919 ba. A shekarar 2000 ƙungiyar ta fito da sabuwar yarjejeniya mai lamba 183. Ta ce hutu kada ya gaza mako 14, biya kada ya gaza kashi biyu bisa uku na albashi. Ta ce kada a tilasta wa mai ciki ko mai shayarwa aikin da aka tabbatar zai cuce ta ko ɗanta. Ta ce idan aka kori mai ciki, ubangida ne zai kawo hujjar cewa ba don cikin ya kore ta ba, ba ita ce za ta yi ta neman shaidu ba. Shawarar da ta biyo yarjejeniyar ta shimfiɗa hanya dalla-dalla: a kawar da abin da ke cutarwa, in bai yiwu ba a gyara mata yanayin aikin, in bai yiwu ba a mai da ita wani aiki ba tare da an rage albashi ba, in duk sun faskara sa'an nan ta tafi hutu da biya. Ku lura, tafiya gida ita ce ta ƙarshe, kuma da kuɗinta a hannu. A wurinmu ita ce ta farko, hannu banza. Har yau Nijeriya ba ta amince da wannan yarjejeniya ba.

Wani zai ce ai wannan sai ƙasashen Turawa masu kuɗi. To, a hau mota daga Sakkwato zuwa Illela, a tsallaka Birnin Ƙonni. Jamhuriyar Nijar ta amince da yarjejeniyar a 2019. Dokar ƙwadagonta ta 2012 ta ba mai ciki mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, ana kuma ƙara mata mako uku idan ciki ko haihuwa ta bar ta da ciwo, kuma asusun ma'aikata na ƙasa yana ɗauke da wani kaso na biyan. Harshenmu ɗaya da mutanen Ƙonni, aurenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, ba wanda zai ce Nijar ta fi Nijeriya dukiya. Ba mu ce kowace mace a can tana samun abin da ke rubuce ba, amma aƙalla an rubuta mata.

Ko a Amurka ma sai da aka yi ja-in-ja, kuma labarin ya yi kama da namu ƙwarai. Wata direba ce a kamfanin kai saƙo na UPS, aka rubuta mata a asibiti kada ta ɗauki abin da ya wuce wajen kilo 9 sabo da ciki, ku ji, bai ma kai jakar ruwan leda ba. Kamfani ya ce dokarsa direba ya iya ɗaukar wajen kilo 32, sabo da haka ta zauna gida ba biya, alhali kuwa yana ba waɗanda suka ji rauni a bakin aiki aiki mara nauyi. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, ta yanke hukunci a 2015. Daga baya majalisarsu ta yi doka wadda ta fara aiki ran 27 ga Yuni, 2023, ta wajabta wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya sauƙaƙa wa mai ciki gwargwadon hali: kujera, ruwan sha, rage ɗauka, lokacin zuwa awo. A Ingila, idan aikin na da hatsari ga cikin kuma ubangida ya rasa wani da zai ba ta, gida za ta zauna da cikakken albashinta.

Mu komo gida, domin akwai wani tarnaƙi wanda mu ya fi ɗaurewa. Doka ta ce takardar likita mai rajista. Daga Kajiji zuwa Lambara da Dandin Mahe, daga Sifawa zuwa Dingyaɗi da Danchadi, wa mai ciki ke tararwa idan ta je awo a ƙaramin asibiti? Ungozoma ce ko malamin lafiya, su ne ke auna jininta, su ne suka san cikin tun yana wata uku, su ne ke rubuta katinta. Amma hannunsu ba shi doka ta ambata ba. Mai son takardar da za ta tsaya mata sai ta nemi likita a babban asibiti, Boɗinga ko Yabo ko Tambuwal, ko ta wuce Sakkwato. Ta biya kuɗin mota, ta yi layi, ta rasa ladan wunin, wataƙila ma a rubuta mata fashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. Gwamnati na shela a rediyo mata su je awo, dokar Gwamnatin kuma ba ta ba ma'aikaciya ko sa'a guda da biya don ta je ba. Wannan hannu na kira, wancan na korewa.

Ga wani abin mamaki. Sashe na 55 ya hana a sa mace aikin dare a masana'anta ko a gona, kowace mace, mai ciki da marar ciki, ko tana so ko ba ta so. Amma ya ware masu aikin jinya. Watau ƙatuwar budurwa mai ƙarfi an kāre ta daga abin da ba ta kawo kuka a kai ba, nas mai ciki wata bakwai wadda ƙafafunta suka kumbura kuwa, in shugabanta bai tausaya ba, sai ta kwana tsaye tana karɓar haihuwar wasu.

Ma'aikatan Gwamnati sun ɗan fi sauƙi ta wajen hutu. Ƙa'idodin aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 sun ba mace mako 16 da cikakken albashi. Can Ikko, Gwamnatin Jihar Legas ta kai hutun ma'aikatanta wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Ba mu yi musu baƙin ciki ba, Allah ya ƙara. Amma mace nawa ce a Boɗinga da Shagari ke da lambar aikin Gwamnati? Galibin matanmu masu neman na kansu suna gidan burodi ne, da gidan ruwa, da injin casar shinkafa, da makarantun kuɗi, da shagunan magani, da rumfar masu cirar kuɗi da na'ura. Waɗansu suna fadama suna cirar albasa ko shiƙar shinkafa a biya su da yamma. Su waɗannan, ko da ya ke sashe na 54 ya ambaci gona, sharaɗin wata shida ba yankewa ya fid da su daga rabin albashin. 'Yar aikatau ta cikin gida kuwa ko ambatonta sashen bai yi ba. Ashe wadda ta fi kowa ɗaukar nauyi ita doka ta fi mantawa da ita.

Duk da haka kada wani ubangida ya ɗauka shirun Dokar Ƙwadago ya ba shi lasin. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci don shi namiji ne ko mace. Gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulki, mai ɗauke da shekarar 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar wariya da zalunci a wurin aiki, ya kuma yarje mata ta duba yadda a ke yi a sauran duniya. A wata shari'a da aka buga rahotonta a 2012, wata mata mai aiki da wata ƙungiyar taimakon lafiya a Abuja ta gaya wa shugabanta tana da ciki, aka sallame ta. Kotu ta ce wannan wariya ce da cin mutunci, ta sa aka biya ta diyya. Kotun nan tana da reshe a Sakkwato. Sai dai mu faɗi gaskiya, shari'a sai da lauya da haƙuri da kuɗin mota, ciki kuwa ba ya jiran ɗage zama. Kafin alƙali ya buɗe baki an yi suna, an yi arba'in, yaro ya fara rarrafe. Shi ya sa mu ke so a rubuta abin a fili cikin doka, yadda ko manaja zai karanta ya gane.

Yanzu sai mu juyo kanmu, ya ku 'yan kasuwa, domin da yawa cikin masu karanta wannan jarida su ma iyayen gida ne. Kai mai kanti da yarinya biyu, ke mai tuwo-tuwo da mata uku masu tuƙi da wanke-wanke, kai mai injin niƙa. Ba daidai ba ne mu yi ta kukan manya sun danne talaka, sa'an nan mu shiga rumfa mu danne wadda ke ƙasa da mu. Mun san kukanku. Riba kaɗan ce, man inji ya yi tsada, haraji kala-kala, in ka biya wadda ba ta aiki ka kuma biya wadda ta maye ta, ina za ka? Wannan kuka gaskiya ne a kan kuɗin hutu, za mu zo kansa. Amma sauƙaƙa aiki ba kuɗi ya ke ci ba. Kujera nawa ce? Mai tuƙin tuwo ta koma zuba miya da karɓar kuɗi na wata uku, me ya ragu a tukunya? Mai ɗaukar buhu ta koma awo da mudu a zaune, wa ya cutu? Shari'a ma ta sauƙaƙa wa mai ciki azumin Ramadan idan ta ji tsoron cutuwa a kanta ko a kan abin da ke cikinta. In an ɗage mata farilla har ta samu hali, don me jakar ruwa za ta fi ƙarfin ɗagewa? Kuma wadda ta shekara a wurinka ta san aikinka, ta san masu sayenka, ka san amanarta. Sabuwar da za ka ɗauko sai ka koya mata daga farko, ita ma kuwa gobe aure za ta yi.

Game da kuɗin hutu, muna tare da ku, bai kamata a bar shi a wuyan mai kanti shi kaɗai ba. Muddin haka ne, mai wayo zai ƙi ɗaukar matar aure tun farko, ko ya sallame ta da ya ga ta fara tofar da yawu, kafin maganar rabin albashi ta taso. Dokar da aka yi don kāre mace sai ta zama dalilin hana ta aiki. Magani shi ne asusu na bai ɗaya. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: tun dokar diyyar ma'aikata ta 2010 a ke karɓar kashi ɗaya bisa ɗari na albashi daga iyayen gida a tara don wanda ya ji rauni a bakin aiki. Abin da aka iya yi don karayar ƙafa, a yi shi don haihuwa. Kafin Gwamnati ta farka kuma, ƙungiyoyin kasuwa ba sai sun jira kowa ba. Mata sun daɗe da sanin adashi, kuma an saba a ba mai biki ko mai haihuwa ɗauka kafin layinta. A faɗaɗa wannan ya zama ƙa'idar ƙungiya, har mai talla da mai cirar albasa su shiga, tun da su ba su da ubangidan da za su kai wa takarda.

Maganar ƙwadago tana hannun Majalisar Tarayya ne, Majalisar Jiha ba ta da ikon taɓa sashe na 54. Sabo da haka kiranmu ga mai wakiltar Boɗinga da Dange-Shuni da Tureta, da mai wakiltar Yabo da Shagari, da Sanatan Sakkwato ta Kudu. Mun ga 'yan majalisa ba su makara idan maganar alawus ta taso, to ga wata a gabansu. A ƙara wa sashen layi wanda zai ce mai ciki da ta kawo shaidar asibiti a ba ta aikin da za ta iya a kan albashinta, kuma kada a kore ta tun daga ranar da ta sanar har ta komo. A karɓi hannun ungozoma mai rajista kamar yadda a ke karɓar na likita. A ba ta lokacin awo da biya. Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari kuwa ba su da uzurin jiran Abuja a kan nasu ma'aikatan. Takardar umarni guda ta isa ta ɗauke wa nas mai ciki aikin dare, ta ɗauke wa mai shara ɗiban ruwa, har da masu aikin wucin gadi waɗanda kullum su a ke fara sallama.

Ke kuma 'yar'uwa mai aiki, ba a fafe gora ranar tafiya. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki ubangida ya ba ki takarda mai nuna aikinki da albashinki. Ki nema tun kina lafiya, domin ita ce za ta shaida kin cika wata shida. In ba a ba ki ba, ki adana duk abin da ke nuna ranar da kika fara da yadda a ke biyanki, ko saƙon banki ne a waya. Idan likita zai rubuta miki takarda, ki roƙe shi ya faɗi abin da za ki iya yi, ba abin da aka hana ki kaɗai ba, domin da takardar nan ta ce tana iya aikin zaune, da manaja bai sami bakin magana ba. Ki yi hoton takardar ki ajiye kafin ki miƙa, ki kuma miƙa a gaban shaida. In aka ce ki tafi gida, ki ce a rubuta miki dalili. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta miki ba, sau da yawa takardar ajiye aiki ce da sunan ke kika nema. Ofishin Ƙwadago na Tarayya yana Sakkwato, haka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta. Abu ɗaya dai kada ki yi, kada ki ɓoye takardar.

Ita baiwar Allah da ta zo, mun rubuta mata wasiƙa zuwa ga mai gidan ruwan da kansa, ba manaja ba, cikin ladabi, mun nuna masa likita bai hana ta aikin zaune ba, mun roƙa a mai da ita wajen ƙirga. Mun ajiye kwafi. Wan mijinta ya kai ran Alhamis, an ce Alhaji ya yi tafiya, sai ya komo. Awonta na gaba ran Litinin ne, mun kuma ce ta roƙi likitan ya ƙara layi na huɗu.